Yadda ake nazarin littafin James Baldwin, Go Tell It on the Mountain

Da farko ka ajiye biro, ka karance shi tas. Littafin ya fito a 1953, labarin kuma na wuni ɗaya ne da dare ɗaya: Asabar ɗin da John Grimes ya cika shekara 14, a watan Maris na 1935, a unguwar Harlem ta birnin New York.

A karatu na biyu ka zana salsalar gidan a takarda. Tsakiyar littafin addu'o'in manya 3 ne: Elizabeth mahaifiyar John, mijinta Gabriel mai wa'azi, da Florence 'yar'uwar Gabriel. A nan za ka san abin da shi yaron bai sani ba, cewa agola ne a gidan Gabriel. Za ka kuma ga wannan mai wa'azi mai zafin hali ya taɓa yi wa wata mai suna Esther ciki, ya ƙi karɓar ɗan. Sai ka koma farko ka sake duba irin kallon da yake yi wa John.

Daga nan ka bi sunayen. Jibrilu (Gabriel) da Yahaya (John) ba baƙi ba ne a wurinmu, kuma a Linjilar Luka, Elizabeth ce mahaifiyar Yahaya. Tambayi kanka me ya sa marubucin ya ba azzalumin uba sunan mala'ikan bushara.

Inda na fi son ɗalibi ya daɗe shi ne kan Elisha, saurayin da ke kaɗa piyano a cocin su John. Karanta wurin da suke kokawa sun zo sharar coci, ka ja layi a ƙarƙashin duk inda John ya lura da jikinsa ko muryarsa. Baldwin bai raɗa wa abin da yaron ke ji suna ba, kai ma kada ka yi gaggawar raɗa masa. Nuna yadda sha'awa da tsoron wuta suka cakuɗe a zuciyar yaron da bai da wanda zai faɗa wa. Ko ka yarda da marubucin ko ba ka yarda ba, hujjarka ta fito daga shafin.

A ƙarshe ka ɗauki daren da John ya faɗi a gaban bagade ya tuba. Baldwin kansa ya yi wa'azi daga shekara 14 zuwa 17 kafin ya bar mumbari. Shin John tsira ya samu, ko mafaka daga Gabriel? Gina rubutunka a kan wannan, ka kafa hujja da safiyar Lahadin: Elisha ya sumbace shi a goshi, John ya yi wa Gabriel murmushi, Gabriel bai mayar masa ba.