Yadda nake koyar da kalmar "poach" da ƙwai ɗaya

Duk shekara idan muka zo kan kalmar Turanci "poach", ɗalibaina sukan rikice. Ƙamus ya ce dafa ƙwai ne a ruwa, ya kuma ce farautar sata ce. Me ya haɗa tukunya da daji? Ni dai ban ga dabarar da ta fi kawo risho gaban aji ba.

Ɗora ruwa har ya fara ƴan ƙananan kumfa a gindin tukunya, amma kada ya tafasa, domin tafasa wargaza ƙwan take yi. Zuba cokali ɗaya na ruwan khal. Fasa sabon ƙwai a ƙaramin kofi, ka juya ruwan da cokali, sannan ka sulala shi tsakiya a hankali. Minti 3 zuwa 4 ya isa.

Tsamo shi ka nuna wa yara. Farin ya naɗe gwaiduwar kamar an jefa ta aljihu, kuma asalin kalmar ke nan: a Faransanci "poche" aljihu ne ko jaka. Daga can Turanci ya aro ta tun ƙarni na 15.

Ma'anar farauta sai farkon ƙarni na 17 ta bayyana. Wasu masana sun danganta ta da cusa zomo a jaka a ɓoye, wasu da wata kalmar Faransanci mai nufin tsokana ko kutsawa. A nan nakan daɗe, don labarin yana taɓa ni. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, an keɓe dazuzzuka don farautar sarki, talaka na ganin barewa ba shi da ikon taɓa ta. A 1723 ma aka yi dokar da ta yanke kisa ga wanda aka kama a dajin barewa da makami, ya shafe fuska da baƙi.

Daga nan sai ka ba su ma'auni: a dubi abin da ya biyo bayan kalmar. Ƙwai ko kifi, girki ne. Giwayen Yankari, farautar sata ce. Ɗan ƙwallo ko ma'aikaci kuwa, an janye shi ne daga inda yake aiki. Nakan sa kowa ya rubuta jimla uku kafin mu yanka ƙwan mu ga ko gwaiduwar ta kwarara.