Darasi na 9: Yadda ake sa wa moto marar gawayi ido

A darasin da ya gabata mun harhaɗa gadon injin zanenmu: katako, sandunan ƙarfe biyu, da ɗan keken da zai riƙe biro. Saura abin da zai ja keken. Ku karanta wannan darasi sau biyu kafin ku taɓa waya, kuma duk inda kuka ga lamba ku kwafe ta a littafinku.

Idan mun ce moto a nan, ba motar hawa muke nufi ba. Muna nufin injin lantarki mai juyawa, irin na fanka da na keken ɗinki.

Gawayi da rashinsa

Duk wanda ya taɓa buɗe injin huda bango ko sarukh na yankan ƙarfe ya ga wasu baƙaƙen abubuwa biyu masu gogar tagulla. Masu warsha a nan Jidda suna ce musu fahma, a gida kuma ana cewa kabon ko gawayi. Su ke miƙa wuta ga naɗin wayar da ke juyawa. Suna cinyewa, suna tartsatsi, wata rana sai an canja su.

A moto marar gawayi an juya tsarin. Naɗin wayar yana zaune wuri ɗaya, maganaɗisu ne ke juyawa. Wayoyi uku masu kauri ke fitowa daga cikinsa. In ka haɗa biyu daga cikinsu da batir kai tsaye ba zai juya ba, zai zabura sau ɗaya ya kafe, ya fara zafi. Dole sai da allon sarrafawa, wanda ke raba wa wayoyin uku wuta bi da bi, kowace a kan lokacinta. Aikin da gawayi ke yi da guga, shi allon ke yi da lissafi.

Irin wannan moto ya cika gari. Yana cikin fankar kwamfuta, da jirgin wasa marar matuƙi, da keken lantarki, da sikutan yara mai ƙafa biyu da ake hawa a tsaye. Wanda ya zaga harajin Sawarikh, wato kasuwar gwanjo da ke kudancin Jidda, zai iya tarar da irin sikutan nan a cikin kayan da aka gaji da su. Sau da yawa batir ne ya mutu ko allo ya ƙone, motocin da ke cikin ƙafafun kuwa lafiyarsu lau. Ku ɗauki ƙafafun, ku bar batirin. Tsohon batirin lithiyam da ya kumbura yana iya kama wuta, kada ya kwana a ɗakin da iyali suke.

Kafin ka biya kuɗi, gwada abu uku. Juya moton da hannu, ka ji ko yana tafiya ba ƙara. Sannan haɗa bakin wayoyin uku wuri ɗaya ka sake juyawa: lafiyayyen moto zai yi tauri, taurin kuma iri ɗaya ne duk zagayen. Na uku, sa mitar awon lantarki a kan ma'aunin om, ka auna wayoyin bibbiyu. Awo ukun su zo kusan daidai, kuma kada mita ta nuna akwai hanya tsakanin waya da jikin ƙarfen.

Makaho mai ƙirga taku

Ranar da muka fara wannan magana a aji, wani dattijo tela da ke zaune a sahun gaba ya ɗaga hannu. Shi ne ya kawo shawarar mu yi injin da zai zana masa aska a kan yadi kafin ya hau aikin zare.

Ya ce, "Malam, jikana ya nuna mini irin wannan inji a waya, na ga wani moto mai kusurwa huɗu ake sa masa. Me ya sa mu za mu ɗauko wahala?"

Na ce, "Gaskiyarka, Baba. Wancan shi ne moto mai taku, sitefa. Yawancinsu taku 200 suke yi a zagaye ɗaya. Kwamfuta ta ce masa yi taku hamsin, sai ya yi. Amma ba ya ganin inda ya tsaya."

Ya ce, "To ai kamar makaho ne da ya haddace takunsa daga zaure zuwa masallaci."

Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan ba. Muddin hanya a share take, ƙirgarsa ba ta kuskure. Amma in wani ya bangaje shi ya koma baya taku uku bai lura ba, zai gama ƙirga alhali bai kai ƙofa ba. Haka moto mai taku yake. In biro ya sarƙe a yadi, ko an matsa masa gudun da ya fi ƙarfinsa, sai ya zubar da taku, duk zanen da ya biyo baya ya goce, shi kuwa bai sani ba.

Sarbo shi ne mai ido. Kuma ku riƙe wannan da kyau, don shi ne zuciyar darasin: sarbo ba wani nau'in moto ba ne da ake saye a leda. Abu uku ne aka haɗa, moto da ido da allon sarrafawa. Ido ya faɗi inda moto yake, allo ya gwada da inda aka ce ya je, in akwai rata ya tura wuta ya cike ta. Yana yin haka sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Tura keken da yatsa, za ka ji yana ture ka, ka saki ya koma mazauninsa.

Zan faɗi ra'ayina a fili. Don zanen biro kawai, moto mai taku ya isa, ya fi araha, ya fi sauƙin haɗawa. Wanda kuɗinsa kaɗan ne ya fara da shi, ba abin kunya ba ne. Abin da ya sa nake son ku koyi sarbo shi ne gudunsa, da rashin ƙararsa, da rashin ɓata lissafi. Sai kuma zafi. Moto mai taku yana shan wuta ko yana tsaye cik, sarbo kuwa gwargwadon nauyin da ke kansa yake sha. Wanda ya yi aiki a warsha marar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a watan Yuli ya san darajar wannan.

Idon da kansa

Allon da ke zuwa da jirgin wasa ba zai yi mana wannan aiki ba. Shi yana gane matsayin moto ne daga wutar da moton ke mayarwa in yana gudu. In moto ya tsaya babu abin da yake mayarwa, allon ya makance ke nan. Mu kuwa tsayuwa daidai muke nema.

Ƙafar sikuta tana da nata ƙananan idanu uku a ciki, ana ce musu Hall, da sunan Edwin Hall, Ba'amurken da ya gano hikimar a 1879. Nasu ne siraran wayoyi biyar da ke fitowa tare da masu kaurin: biyu na wuta, uku na saƙo. Cikin ƙafar akwai maganaɗisu 30, wato tagwaye 15, kuma idanun suna ba da alama 6 a kan kowane tagwaye. Ku lissafa: 15 sau 6, alama 90 a zagaye.

Shin 90 ta isa? Faɗin ƙafar da tayarta kusan santimita 16 da rabi ne, kewayenta kusan santimita 52. Raba milimita 520 gida 90, ka sami kusan milimita 6. Wato sai ƙafar ta yi tafiyar milimita 6 kafin allo ya san ta motsa. Don tura amalanke ya yi. Don zanen aska kuwa, ko almajirin tela da alli ya fi shi.

Shi ya sa muke ƙara ido na waje, enkoda. Mai araha da ake samu shi ne AS5600, ɗan guntun abu da bai kai farce ba, wanda ke raba zagaye gida 4096. A kan ƙafar nan, milimita 6 ta koma kusan kashi ɗaya cikin takwas na milimita. A injinmu kuma, inda za mu sa ƙaramin moto da fuli mai haƙora 20 da bel mai ratar milimita 2, zagaye ɗaya milimita 40 ne. Raba 40 gida 4096, kusan kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Bakin biro ma ya fi haka kauri nesa ba kusa ba. In moto mai gudu sosai ne, a nemi AS5047P, wanda ke raba zagaye gida 16384 kuma ya fi saurin kai saƙo.

Enkodan nan maganaɗisu yake kallo. Ana manna ɗan ƙaramin maganaɗisu mai kama da ƙwayar magani a tsakiyar bakin sandar moto, a kafa enkoda yana fuskantarsa, ratar milimita ɗaya zuwa biyu. Ba kowane maganaɗisu ke yi ba. Sai wanda arewarsa da kudunsa ke gefe da gefe, ba sama da ƙasa ba. Ku tambaya kafin ku saya.

A nan ne na taɓa yin asara. Na manna maganaɗisun da gam na kyandir, na bar injin a mota da rana. Gam ya yi laushi, maganaɗisu ya ɗan murɗe. Da na kunna, ido ya faɗa wa allo ƙarya, allo ya saki wuta, keken ya ruga ya daki ƙarshen sanda, bel ya tsinke. Yatsana na kusa da wurin, Allah ne ya kiyaye. Tun daga ranar gam mai haɗi biyu nake amfani da shi, kuma ba na kunna inji sai da makashin wuta a kusa da hannuna.

Allo da saiti

Akwai alluna da aka yi don wannan aiki. ODrive na Oskar Weigl da VESC na Benjamin Vedder suna ɗaukar manyan motoci irin ƙafar sikuta. Don ƙaramin moto irin na mariƙin kyamara, akwai manhajar kyauta mai suna SimpleFOC da ake ɗora wa Arduino, wani ɗan ƙaramin allon kwamfuta. Da ita za mu yi aiki a aji. Umarnin tafiya kuma daga GRBL, manhajar da ke mai da zane umarnin motsi, zai fito ta waya biyu, ɗaya ta taku ɗaya ta alƙibla, kamar yadda ake ba moto mai taku.

Kafin ka sa filogi, duba akwatin ba da wuta. Wasu suna da ɗan jan maɓalli a gefe na zaɓen 110 ko 220. A 2010 Saudiyya ta yanke komawa bolt 230, amma a tsofaffin gidaje har yanzu ana tarar da soket na 127 kusa da na 220. Auna soket ɗin da mita, kada ka yarda da kamanninsa.

Cire bel, ka bar moto shi kaɗai, a ɗaure da kyau. Faɗa wa allo yawan tagwayen maganaɗisu: ƙirga su ka raba biyu. Ƙananan motoci da yawa 14 gare su, wato 7. Sa iyakar wuta ƙasa ƙwarai. Sannan ka bar allo ya yi gwajin farko, inda zai juya moton a hankali ya koyi yadda ido da naɗin waya suka dace. In ka sauya wayoyi biyu daga cikin ukun, moto zai juya baya, kuma sai an maimaita gwajin.

Saitin ƙarfi shi ne wurin haƙuri. In ya yi kaɗan, moto zai yi nawa, ka tura shi ya ƙi komawa daidai. In ya yi yawa, sai ya wuce wurin ya dawo ya sake wucewa, yana rawar ɗari yana kuka. Fara da saitin gudu: riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka ji rawar ta fara, sai ka rage zuwa rabi. Sannan saitin matsayi: ƙara har ka ga yana wuce wuri, ka ja baya har ya daina. Bayan ka mayar da bel sai ka sake, don nauyin keke yana canja komai. Lamba ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a rubuta ta.

Babban moto in ya taka birki yana mayar da wuta baya. Batir yana iya shanye ta, akwatin bango ba ya iyawa, shi ya sa ake ɗaura wa allo rizisto na birki ya mai da ita zafi. Moton kansa kuma kada ya yi zafin da hannu ba zai iya zama a kansa ba, don maganaɗisun da aka fi sa wa irin waɗannan motoci yana fara rasa ƙarfi in ya wuce digiri 80, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ku nisanta shi da garin ƙarfe in ana yanka a warsha, ku rufe shi da dare saboda laimar teku.

Aikin gida

Nemo moto mai waya uku, ko na aro ne. Yi masa gwaji ukun nan, ka rubuta awon mita da hannunka. Ƙirga maganaɗisunsa, ka rubuta yawan tagwaye. Sannan ka lissafa wannan: fuli mai haƙora 16, bel mai ratar milimita 2, milimita nawa keke zai yi a zagaye ɗaya? Wanda bai da mita ya zo da motonsa ranar Asabar bayan Isha'i, akwai guda biyu a aji.