Idan auren Ingila ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: yadda za ki tattara ki dawo gida

Shekara uku da 'yan watanni na yi a Manchester. A Kano aka ɗaura aurenmu, na bi shi da bizar matar aure, can na haifi 'yata. Ba zan tona abin da ya faru a ɗaki ba, uban 'yata ne. Abin da zan faɗa miki, 'yar'uwa, shi ne yadda ake fita, domin tun da na dawo mata ke nemana a waya da tambaya iri ɗaya, kuma kusan kowacce so take ta fara da sayen tikitin jirgi. Tikiti shi ne abu na ƙarshe.

Fara da sanin matsayinki. Kalmar da na fi ji a gidan nan ita ce "ni na kawo ki, ni zan mayar da ke", kuma na daɗe ina gaskata ta. Ba shi da wannan iko. Abin da zai iya shi ne ya sanar da Home Office, wato ma'aikatar cikin gida, cewa kun rabu, ke ma doka ta ɗora miki sanar da su. Su ne za su rubuto miki, kuma galibi sukan rage bizar zuwa kwana 60 domin ki nemi wata hanyar zama ko ki fita. Idan akwai duka, ko tsoratarwa, ko kulle, ko hana ki kuɗi da waya, akwai sassaucin da aka tanadar wa baƙin da aka ci zarafinsu a gidan aure: izinin zama na wata 3 wanda bai rataya a wuyan miji ba, da damar neman tallafin gwamnati da matsuguni. Wadda mijinta ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin tana iya neman nata izinin na dindindin ta wannan hanya. Matan ɗalibai da na masu bizar aiki an shigar da su cikin sassaucin wata ukun a 2024, amma ba su da hanyar dindindin ɗin. Kuma tun 2015 dokar Ingila ta ɗauki juya mace da takura mata a matsayin laifi, ko da hannu bai taɓa jikinta ba.

Na kawo wannan ne ba don in hana ki dawowa ba. Ni na ji duka daga bakin lauya, na auna, na zaɓi gida, saboda iyayena sun manyanta kuma kaɗaicin ƙasar ya ishe ni. Amma ina so ki dawo don kin zaɓa, ba don an razana ki ba.

Idan kina cikin haɗari yanzu, 999, lambar gaggawa ta ƙasar, za ki kira. In ba halin magana, ki saurari mai amsawa, ki danna 55 a wayar hannu, za a haɗa ki da 'yan sanda. Layin taimakon waɗanda ake cin zarafinsu a gida kyauta ne, dare da rana: 0808 2000 247. Ki nemi tafinta na Hausa, kada ki yarda ƙanwarsa ko abokinsa su fassara miki. Ki kuma gaya wa likitanki abin da ke faruwa ya shiga fayil ɗinki, domin wasiƙar likita na cikin hujjojin da ake karɓa wajen neman lauya na tallafin gwamnati.

Sai takardu. Fasfona yana cikin jakarsa ta aiki mai makulli, tare da takardar aurenmu da ta haihuwar yarinya. Wata safiyar Asabar ya bar jakar a buɗe a kan gado ya shiga wanka. Ina jin ƙarar ruwa, hannuna na rawa, na ɗauki hoton kowane shafi na tura wani sabon imel da bai san da shi ba, na goge daga wayar, na mayar da komai yadda na same shi. Sauran, irin su jan littafin rigakafin yarinya, takardun makarantata da 'yan kunnen gwal ɗin da Hajiyarmu ta ba ni, kaɗan-kaɗan na riƙa fitar da su a ƙasan keken yarinya, ƙarƙashin kunzugu, ina kai wa wata maƙwabciyata 'yar Somaliya da muka saba a masallaci. Ki nemi mutum ɗaya irin wannan, wadda ba ta cikin ƙungiyar matan abokan mijinki. Maganar da ta shiga zauren WhatsApp na 'yan gida da safe, kafin la'asar ta je kunnensa.

Biza yanzu ta koma intanet, katunan da ake bayarwa a da sun ƙare a ƙarshen 2024. Duba ki gani imel ɗin wa da lambar wa ke kan asusunki na shige da fice. Mata da yawa na mijin ne, domin shi ya cike komai tun daga Najeriya. Ki mayar da su naki. Ki buɗe asusun banki da sunanki ke kaɗai, ki ce kada su aiko wasiƙa gida. Idan ya hana ki fasfo ƙememe, ki gaya wa 'yan sanda, sannan ofishin jakadancin Najeriya da ke Landan yana ba da takardar tafiya ta gaggawa wadda za ta kai ki gida.

Maganar yara ce ta fi komai nauyi, a nan nake roƙonki ki natsu. A dokar 1984, fitar da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 daga Birtaniya ba da yardar duk mai haƙƙin iyaye a kansa ba, ko izinin kotu, laifi ne na satar yaro, ko da ke kika haife shi. Za ki ji masu cewa ai Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1980 kan mayar da yaran da aka ɗauke, don haka in kin sauka Kano shi ke nan. Gaskiya ne ba ta ciki, amma ana iya tare ki tun a filin jirgi, kuma in kin tsallake, kin rufe wa kanki ƙofar ƙasar, kin bar wa yaron rigimar da zai girma a cikinta. Hanya biyu ce kawai: ko uban ya sa hannu a rubuce, ko ki shigar da buƙata a kotun iyali. Kotu maslahar yaro take dubawa, don haka za ta tambaye ki inda za ku zauna, makarantar da zai shiga, asibiti, abin da za ku ci, da yadda zai riƙa ganin ubansa.

Ni ban kai ga kotu ba. Lauyata ta sa na rubuta wannan tsari duka, har da sunan unguwa da makaranta, da kiran bidiyo duk Juma'a da Lahadi, da zuwansa ganinta lokacin dogon hutu. Kawuna da wani limami a can suka zaunar da shi sau biyu, a na uku ya sa hannu a gaban lauya. Wata huɗu abin ya ci, kuma su ne watanni mafi tsawo a rayuwata. Ki sa kuɗin ciyarwa a cikin wannan yarjejeniya, domin hukumar da ke karɓar kuɗin kula da yara a Birtaniya ba ta bin lamarin yaron da ya koma zama wata ƙasa. Ki riƙe takardar yardar a jakar hannu ranar tafiya.

Auren kansa igiya biyu ne za ki warware, ta addini da ta hukuma. Auren da aka ɗaura a Kano bisa ƙa'ida, wanda da shi aka ba ki biza, Ingila ta san da shi, kuma sakin baki ko na takarda da miji ya yi a cikin Ingila bai raba shi a idon dokarsu ba. Tun Afrilun 2022 ba sai kin kawo laifin kowa ba kafin a raba aure a Ingila da Wales, in dai auren ya shekara. Ana cikewa ta intanet, kuɗin kotu wajen fam 600 ne, a jira mako 20 kafin hukuncin farko, sai mako 6 da kwana ɗaya kafin na ƙarshe. Tunda shi yana zaune a can, ana iya ci gaba ko kina gida. Kada ki sake aure kafin ki shigar da buƙatar haƙƙinki na dukiya, sabon aure yana iya toshe ta.

Ta fuskar addini, ki nemi takardar saki da hannunsa, da kwanan wata da shaidu, domin daga nan za ki ƙirga idda. In ya ƙi, ya bar ki ke ba mai aure ba ke ba bazawara ba, kotun shari'ar Musulunci a gida tana nan. Akwai hul'i, inda kike fansar kanki, yawanci da mayar da sadaki. Amma kada ki yi saurin miƙa kuɗi: a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, alƙali na iya raba aure saboda cutarwa in ta tabbata, ba tare da kin biya komai ba. Wasiƙar likita da rahoton 'yan sanda da kika taho da su za su yi miki amfani a nan.

Ki yi hattara da "mu je gida hutu a sasanta". Akwai waɗanda aka kawo da sunan biki, miji ya ɗauke fasfo ya koma da yara. Tun farkon 2024 dokar Birtaniya ta buɗe wa matan da aka yasar haka hanyar neman komawa daga inda suke, amma gara kada a kai ga nan.

Su Baba kuwa, kada su fara ji a bakin surukai. Na yi shekara biyu ina cewa "lafiya lau" a waya, saboda haka ranar da na ce zan dawo, amsar farko ita ce "a yi haƙuri, aure ɗan haƙuri ne". Ban ga laifinsu ba, ni na ɓoye. Sai na kira Yaya Babba ita kaɗai, na faɗa mata komai filla-filla, na tura mata abin da likita ya rubuta. Ita ta shiga wajen Baba. Da daddare ya kira ni, ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce ɗakina yana nan. Ki nemi wanda maganarsa ke da nauyi a gidanku, ki ba shi zance da hujja.

In kin yi aiki a can, karɓi takardar barin aiki da ake kira P45 daga wajen aikin, ki cike P85, fom ɗin haraji na mai barin ƙasar, wataƙila a mayar miki da rarar haraji. Karɓi bayanan lafiyarki da na yaro. Kada ki rufe asusun bankin da layin wayar sai shari'a ta ƙare, ta nan saƙonnin kotu da lambobin sirri ke zuwa. Kaya kuma ki rage, akwati biyu sun isa, kuɗin da za ki kashe a tura tukwane ki riƙe shi na watannin farko, domin za ki so ki sayi madara da magani ba tare da kin miƙa hannu ba. Ranar tafiyata mutum uku kawai suka san ta. Ta Alƙahira muka biyo muka sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma washegari, kafin 'yan sannu da zuwa su cika gidan, na tura wa ubanta saƙo cewa mun iso lafiya, na saka lokacin kiran Juma'a kamar yadda muka sa hannu.