Hunturu ya kama, ku leƙa lagireton motarku

Jama'a, sallama. Shawara ce ga masu mota yanzu da hazo ya sauka.

Da sassafe, kafin ka tayar da inji, buɗe bonet ka duba ruwan lagireto da na 'yar robar da ke gefensa. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto alhali inji na da zafi, tururin na iya saɓule fatar hannu. In ruwan ya koma ja kamar shayi, tsatsa ce, a zubar a wanke. Don Allah a daina ɗura ruwan rijiya ko na bohol, shi ke toshe hanyoyin. Sayi kulan, wato ruwan sanyaya inji na kanti, in mai kauri ne ka haɗa rabi da rabi da ruwan batir marar asid.

Abin da ya fi damuna shi ne tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke kan hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto. Bara wani makanike ya cire min shi, wai ƙasarmu zafi gare ta. Sanyi na shigowa, allurar zafi ta kwanta ƙasa, hita ta daina ɗumi, mota ta riƙa zuƙar mai. Tamostat ɗin ne ke riƙe ruwa har inji ya kai wajen digiri 80 zuwa 90. Na mayar da sabo, komai ya daidaita.

Ƙura kuma tana cushe haƙoran lagireto, a wanke su da tiyo a hankali. Filtar esi, a Corolla tana bayan akwatin da ke gaban fasinja, ciro ta ka kakkaɓe. Ko ana sanyi, ka riƙa kunna esi minti 10 a mako don kada robobinsa su bushe gas ya tsiyaye.