Darasi na Tara: Sassaƙar Kabewa Tare da Yara a Lokacin Kaka

A ƙasar Amurka, idan watan Oktoba ya kama, ganyen bishiyoyi kan yi ja ya fara zuba. Kakarsu ke nan. Za ku ga kabewa jibge a gonaki da bakin shaguna. Iyaye kan kai yara gona, kowa ya zaɓi tasa. Idan an dawo gida sai a rarake ta, a yanka mata ido da hanci da baki, a sa fitila a ciki, a ajiye a ƙofar gida. Sun fi yin haka gab da daren 31 ga Oktoba, wanda suke kira Halowin.

Asalin al'adar daga ƙasar Ayalan take. Mutanen can wani kayan lambu mai tauri suke rarakewa, wanda ake tonowa a ƙasa. A shekarar 1845 cuta ta faɗa wa dankalinsu, yunwa ta biyo baya, jama'a da yawa suka yi ƙaura zuwa Amurka. Can suka tarar da kabewa, ga girma ga sauƙin yanka, sai suka koma mata.

Wanda ya taɓa zama kusa da mai zanen ƙwarya ba zai ga baƙon abu a nan ba, don kabewa da duma dangi ne. Sai dai ƙwarya busasshiya ce, tana shekaru. Kabewa kuwa ɗanya ce, idan an yanka ta da wuya ta wuce mako guda. Ba sai mutum yana bikin Halowin zai yi wannan aiki ba, kuma ba dole ne a zana fuska ba. Tauraro, ko jinjirin wata, ko harafin farko na sunan yaro, duk suna kyau idan haske ya ratso ta cikinsu.

Ku tanadi kabewa mai tauri wadda ba ta da tabo, mai zama daram idan an ajiye ta. Ku nemo babban cokali, da kwano, da gawayi ko alƙalami mai kauri, da ƙaramar wuƙa mai haƙora irin na zarto. Ku shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa.

Kafin a taɓa komai, a raba aiki. Wannan shi ne abin da na fi so ku riƙe a darasin yau: wuƙa a hannun babba take zama, daga farko har ƙarshe. Bawon kabewa yana da santsi, wuƙa kan maƙale a cikinsa, idan aka fizgo ta da ƙarfi sai ta kufce ta sami tafin hannu. Don haka ku goge kabewar da hannuwanku su bushe. Ku yi aiki a wuri mai haske. Ku riƙa yanka a hankali kamar mai jan zarto, kuma kada ɗaya hannun ya kasance a gaban bakin wuƙa. Yaro zai yi naci, zai ce shi ma ya iya. Ku ba shi cokali.

Babba ya fara yanke murfi a sama, ya kewaye mariƙin kabewar. Ya karkata bakin wuƙa zuwa tsakiya, don kada murfin ya faɗa ciki idan an mayar da shi. Daga nan fage na yara ne. Su zura hannu su kwaso 'ya'yan da zare-zaren ciki su zuba a kwano, su kankare da cokali har ciki ya yi fes. Za su ɓata riga, ku ƙyale su. Sannan su zana abin da suke so a jikin bawon. Ku ce musu su yi zane manya-manya, don ƙanana suna da wuyar yanka. Babba ya bi layin da wuƙa, yaro ya tura gutsuren da yatsa ya fita.

Wajen haske, ƙaramar fitila mai batir ta fi kyandir, musamman inda yara ke kai-komo. Idan kun shafa ɗan basilin a bakin yankan, ba zai yi saurin yaushi ba. A ajiye kabewar a inuwa.

Kabewa abinci ce, ni kam ba na son ganin an zubar da ita. Ku wanke 'ya'yan, ku shanya, ku soya da ɗan gishiri. Gutsattsarin da aka yanke su shiga miyar taushe a ranar. Amma wadda ta kwana biyu a waje a buɗe, ko ta yi fumfuna, kada a ci, a kai ta ramin taki. Idan yaran ƙanana ne ƙwarai, a bar yanka gaba ɗaya, su yi mata zane da alli ko gawayi. Gobe a wanke ta, a fere, a ɗora tukunya.

Aiki: Ku rubuta sunayen kayan aiki guda huɗu da aka ambata. Ku rubuta aiki biyu na yaro, da aiki ɗaya na babba. Idan an raba 'ya'yan kabewa 120 tsakanin yara 4, nawa kowa zai samu?