Yadda Ake Warware Intigiral na arctan x Daga 0 Zuwa 1

Tambayar ita ce a nemo ∫₀¹ arctan x dx, inda arctan x ke nufin kusurwar da tan ɗinta ya zama x. A nan ɗalibai da yawa ke cijewa, domin babu arctan a jerin intigiral ɗin da aka haddace. Amma difarenshiyal ɗinsa sananne ne, wato 1/(1 + x²), kuma da shi za a ci ƙarfin aikin.

Da farko, rubuta arctan x a matsayin (arctan x) × 1. Wannan 1 da ke ɓoye shi ke ba ka abu biyu da za ka raba bisa ƙa'idar ∫u dv = uv − ∫v du.

Sai zaɓi. Ɗauki u = arctan x, dv = dx. Kada ka juya su. In ka sa arctan a wurin dv ka koma gidan jiya, don intigiral ɗinsa kake nema tun asali. Daga nan du = dx/(1 + x²), v = x. Zuba su cikin ƙa'idar:

[x arctan x]₀¹ − ∫₀¹ x/(1 + x²) dx

Kashin farko ba wuya. A x = 1 ya ba da π/4, a x = 0 kuma sifiri. Sai dai ka lura da kalkuleta: in tana kan digiri, 45 za ta nuna maka, aiki ya lalace. Difarenshiyal ɗin da muka dogara da shi a radiyan kaɗai yake daidai, wato ma'aunin kusurwa da digiri 180 ke daidai da π.

Kashi na biyu ya fi buƙatar natsuwa. Difarenshiyal na 1 + x² shi ne 2x, ga kuma rabinsa zaune a sama. Don haka sa t = 1 + x², dt = 2x dx. Iyakokin ma sai sun canza, abin da ake yawan mantawa: 0 ya koma 1, shi kuwa 1 ya koma 2. Ya zama ½∫₁² dt/t = ½ ln 2.

Amsa: π/4 − ½ ln 2 ≈ 0.7854 − 0.3466 = 0.4388.

Kafin ka miƙa takarda, gwada amsar da zane, domin intigiral ɗin shi ne girman filin da ke ƙarƙashin zanen arctan x daga 0 zuwa 1. Tsakanin 0 da 1, arctan x yana ƙasa da layin y = x, wanda filin ƙarƙashinsa 0.5 ne. Yana kuma sama da miƙaƙƙen layin da ya tashi daga (0, 0) zuwa (1, π/4), mai filin π/8, kimanin 0.393. Lambar 0.4388 ta faɗa tsakaninsu. Da ka rubuta + a maimakon −, da 1.132 ka samu, zanen kuwa ya tona kuskuren nan take.