Zama a Kanada Ta Hanyar Aure: Abin Da Mai Bizar Ziyara Da Wanda Kwanakinsa Suka Ƙare Ya Kamata Su Sani

Wanda ya shigo Kanada da bizar ziyara, galibi wata 6 ake ba shi. Idan ranar ta wuce yana nan, sai ya ɗauka kowace ƙofa ta rufe. A batun aure dai ba haka ba ne. Tun watan Fabrairun 2005 ma'aikatar shige da fice, wadda yanzu ake kira IRCC, take da tsarin da ya bai wa ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin damar ɗaukar nauyin mijinta ko matarsa daga cikin ƙasar, ko da izinin zaman mutumin ya ƙare.

Sassaucin yana da iyaka. Ya haɗa da wanda ya zarce kwanakinsa, da wanda ya yi aiki ko karatu ba izini, da wanda ya shigo ba tare da bizar da ta dace ba. Bai haɗa da wanda ya yi amfani da fasfo ko bizar jabu ba, ko wanda aka taɓa kora ya dawo ba da izini ba, ko wanda ake neman fitarwa saboda wani dalili daban, kamar aikata laifi. Kuma shigar da takardu ba ya mayar wa mutum izinin zama. Hukumar kan iyaka, CBSA, tana iya fitar da shi fayil ɗinsa yana kan layi. Akwai jinkirin kwana 60 da akan yi wa wasu, amma wanda ya bari sai da aka kira shi ganawar shirin fitarwa sannan ya shigar da takardu ya makara.

Saboda haka wanda kwanakinsa ba su ƙare ba, kada ya bari su ƙare. Ya nemi ƙarin wa'adi ta intanet aƙalla kwana 30 kafin ranar, kuɗin dalar Kanada 100 ne, kuma muddin ya nema a kan kari yana zaune ne bisa doka har a ba shi amsa. Idan ranar ta riga ta wuce, akwai kwana 90 na neman a maido masa da matsayinsa. Amfanin wannan yana fitowa wajen aiki. Mai izinin zama yana iya neman takardar aiki, wadda ba ta ɗaure shi ga kamfani ɗaya, da zarar IRCC ta aiko da wasiƙar shaidar karɓar fayil. Wanda ba shi da izini kuwa sai ya jira amincewar matakin farko, kuma hakan kan ɗauki watanni da dama mutum yana zaune hannu rabbana.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe ba ma maganar biza ba ce, yadda aka ɗaura auren ne.

Tun watan Yunin 2015 Kanada ta daina karɓar auren da aka ɗaura ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya wurin da jikinsa, ko ta wakili ne, ko ta waya, ko ta intanet. A wajenmu kuwa ba baƙon abu ba ne ango yana Toronto, wakilinsa ya karɓa masa aure a Kano ko Maraɗi, a biya sadaki, a shafa fatiha, a raba goro. Auren ya ɗauru a addini da al'ada, amma jami'in IRCC ba zai lissafa shi ba. Idan ba a ɗaura ba tukuna, a tsara yadda ango da amarya za su kasance a wurin su biyun, ko da waliyyi da wakili ne za su yi magana, a kuma ɗauki hotunan da ke nuna hakan. Idan an riga an ɗaura ta wakilci, kada a ɓoye, kada kuma a garzaya a sake wani ɗaurin auren kafin a ji ta bakin lauya.

Na biyu shi ne auren masallaci a cikin Kanada. Liman ya ɗaura, jama'a sun shaida, amma in ba a sayi lasisin aure daga ƙaramar hukuma ba, ko limamin ba ya cikin waɗanda lardi ya yi wa rajista, to babu takardar da za a miƙa. A lardin Ontario lasisin yana aiki wata 3, kuma 'yar takardar da ake miƙa wa ma'aurata ranar ɗaurin aure ba ita ce shaidar aure ba. Ta ainihin sai an nema daga ofishin lardi bayan an yi rajista. Wanda ya taɓa aure ya rabu a wata ƙasa, Ontario za ta buƙaci ta tantance sakin kafin ta ba shi lasisi, kuma takardar saki da miji ya rubuta da hannunsa ba ta kai hukuncin kotu ƙarfi ba.

Na uku, mace fiye da ɗaya. Dokar Kanada aure ɗaya ta sani. Idan namiji yana da uwargida a lokacin da ya auri amarya, ba zai iya ɗaukar nauyin amaryar a matsayin matarsa ba, ko da uwargidan tana gida Najeriya ba ta da niyyar zuwa. Haka wanda ya karɓi takardar dindindin yana cewa ba shi da iyali alhali yana da su, a ƙa'ida ya toshe musu hanya da hannunsa.

Ga waɗanda aurensu ya faɗa a matsala ta farko ko ta biyu, akwai wata ƙofa: zaman tare na wata 12 a jere a gida ɗaya. Kunnen Bahaushe ba ya son jin wannan, domin sai ya tuna zaman dadiro, amma a nan suna ne kawai na doka, kuma ma'auratan da liman ya ɗaura wa aure suna bi ta nan. Wata 12 ɗin sai sun cika kafin a shigar da takardu, kuma 'yar gajeriyar tafiya ba ta karya lissafi, doguwar rabuwa ce ke karyawa. Hujja ita ce komai: yarjejeniyar haya da sunayen biyu, takardar wuta ko ta waya, asusun banki, lasisin tuƙi mai adireshi ɗaya. Mai neman takarda daga cikin Kanada ma, ko da aurensa na rajista ne, dole su kasance a gida ɗaya har a gama. Ɗaurin aure ba tarewa ba ya wadatarwa.

Shi mai ɗaukar nauyi ya kai shekara 18, ba ya karɓar tallafin gwamnati sai dai na nakasa, kuma galibi ba a gindaya masa wani adadin albashi. Zai sa hannu cewa shi ke da ci da sha da matsugunin abokin zamansa na shekara 3 daga ranar da aka ba da takardar dindindin. Saki ba ya warware wannan alƙawari, duk tallafin da mutumin ya karɓa a tsakanin, bashi ne a wuyansa. Wanda shi ma ta aure ya samu takardarsa sai ya cika shekara 5 kafin ya ɗauko wani. Mazauna Kebek suna da ƙarin mataki a wurin gwamnatin lardinsu.

Takardun ta intanet ake shigarwa. Manyan fom ɗin su ne IMM 1344 na alƙawari, IMM 5532 na tarihin dangantaka, IMM 0008 na neman zaman dindindin, da IMM 5669 inda ake jero wuraren zama da ayyuka ba tare da barin giɓin ko wata ɗaya ba. Kuɗin da aka sanya a Afrilun 2024 dala 1,205 ne, da 85 na ɗaukar hoton yatsu, amma yana sauyawa, a duba ranar biya. Ana buƙatar takardar 'yan sanda daga ƙasashen da mutum ya zauna wata 6 ko fiye tun yana shekara 18, da gwajin lafiya wurin likitan da IRCC ta amince da shi. Takardar da ke cikin Hausa ko Larabci sai an fassara ta zuwa Turanci ko Faransanci, kuma ba ɗan'uwa ne zai fassara ba. Sa hannu ɗaya da aka manta ya isa a dawo da fayil a koma ƙarshen layi.

Jami'i abu biyu yake aunawa: auren na gaskiya ne, kuma ba don takarda aka ƙulla shi tun farko ba. Auren haɗi na iyaye ba laifi ba ne, a dai bayyana yadda aka yi, wa ya je neman aure, yaushe aka kai kuɗin gaisuwa. A rubuta zarce kwanaki da aikin ɓoye kamar yadda suka faru, tunda an yafe su. Ƙarya kuwa haramcin shekara 5 take jawowa.

Sai zaɓin hanya. Ta cikin gida, wato nema daga cikin Kanada, ita ce mai sassauci ga wanda kwanakinsa suka ƙare, amma in ya fita ƙasar, ko da rasuwa aka yi masa a gida, mai yiwuwa ba zai samu dawowa ba, fayil ɗin kuma ya mutu. In an ƙi, babu ɗaukaka ƙara, sai dai a roƙi Kotun Tarayya ta duba cikin kwana 15. Ta waje kuwa, wato wadda aka tsara wa wanda ke wata ƙasa amma mai halastaccen izinin zama zai iya bi yana cikin Kanada, tana ba mai ɗaukar nauyi kwana 30 ya ɗaukaka ƙara.

Matar da miji ke duka ko yake tsorata ta da cewa zai janye takardu, ta sani tun 2017 aka soke sharaɗin zaman dole na shekara 2 bayan samun takarda, kuma tun 2019 akwai izinin zama na wucin gadi kyauta ga wanda ake cin zarafinsa a gida ba shi da takardu. Wanda zai karɓi kuɗi ya cike wa mutum fom kuwa, sai lauya ko mai ba da shawara da ke da lasisin CICC, hukumar da ke kula da masu ba da shawara kan shige da fice, kuma ana iya duba sunansa a rajistarta kafin a biya ko sisi.